Ranar da Na Tare Ƙofar Rahila

Na san abin da aka faɗa muku game da shekarar da citta ta ruɓe. Kai Ishaya kana Kaduna, ke Lidiya kina gidan mijinki a Jere, kai Bitrus kana makaranta. Duk ta waya labarin ya same ku, kuma ba daga bakina ba. An ce muku na ɗaga wa Anti Kande, yayar babanku, taɓarya, na kunyata babanku a gaban gari, na lalata ƙanwarku Rahila da gata. Taɓarya kam na ɗaga. Sauran ku karanta ku yanke da kanku. Na yi shiru shekaru da yawa domin a cikin maganar akwai abin da ba nawa ba ne. Yanzu Rahila ta girma, ita da bakinta ta ce in rubuta.

Rahila ta zo mini bayan na riga na rabar da kayan jarirai. Na haura arba'in, mata a coci suna tsokanata suna kirana Saratu matar Ibrahim. Tana ƙarama ba ta sakin bakin zanina, ku ma kun tuna. In na tafi gona tana bayana tana ba ni labarin kaza, labarin malamarsu, labarin wanda ya yi fitsari a aji. Ko wanka na shiga, tana tsaye a bayan zana tana ci gaba daga inda ta tsaya. Har nakan ce mata, don Allah ki bar kunnena ya huta. Ban san akwai ranar da zan nemi wannan surutun in rasa ba.

Shekarar da ta cika sha biyu, sai shiru. Ta kwashe kayanta daga ɗakina ta koma ƙaramin ɗakin da muke ajiye buhunan masara, ta sa babanku ya kafa mata sakata. In na tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. In na ce zo in yi miki kitso, ta ce ƙawarta za ta yi mata. In na yi dariya da ƙarfi a gaban mutane, sai ta sunkuyar da kai kamar na yi abin kunya. Wata rana ta manta abincinta, na baro gona na kai mata makaranta da ƙasa a ƙafata. Ta fito ta karɓa ba ta kalle ni ba.

"Mama, don Allah ki daina zuwa nan da kayan gona."

Na koma gona na yi ta sara ƙasa har hannuna ya yi kanta. Za ku ce ai na riga na raini uku, me zai zama mini sabo. Ku maza kuna kai shekarun nan aka tura ku makarantar kwana. Ke kuma Lidiya, Kaka tana raye a lokacinki, a ɗakinta kike kwana, ita ta koya miki duk abin da mace take bukatar sani. Ni uwata ba ta taɓa zaunar da ni ba, ni ma ban taɓa zaunar da kowa ba. Rahila ce ta farko da ta faɗo a hannuna ni kaɗai, kuma ban iya ba.

Farkon damina, bayan Lahadin yara, ta ce ta bar kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, kuma ba za ta ƙara zuwa coci ba. A lokacin ni ce shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Ku duba yadda abin yake, ni ina gaba ina jan waƙa, 'yata tana gida ta sa sakata. Na lallaɓa, na yi faɗa, na hana ta abinci. Lahadi ta uku na zare tsumagiya na zane ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Ta tsaya tana kallona har hannuna ya gaji. Wannan kallon ya ba ni tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

A cikin wannan halin ganyen citta ya fara yin rawaya. Babanku ya zuba duk irin da muke da shi a gona biyu, yana lissafin sabon kwano a rufin gida. Da muka tona, sai ruwa da wari. Ya zauna a kan kunyar gona ya riƙe kai, ya daɗe bai tashi ba. Ba mu kaɗai ba ne, daga Kagoma har wajen Nok kowa kuka yake. Amma tamu ce ta fara, kuma a satin nan ƙanen babanku ya faɗi da mashin ya karya ƙafa. Sai Anti Kande ta zo daga Kafanchan duba shi. Ta daɗe da barin cocinmu, ta koma wani gidan addu'a a bayan gari inda suke kiran mai wurin annabi. Ta kwana biyu tana lura da Rahila, yadda ba ta cin abinci da mutane, yadda take wanki a ɓoye, yadda take zama ita kaɗai a gindin mangwaro a bakin gona. Rana ta uku ta tara mu a tsakar gida, ta fuskanci babanku.

"Dauda, ka buɗe idonka. Yarinyar da ta guji gidan Allah, ta daina kallon uwarta, sai kuma gona ta mutu, ƙafa ta karye. Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. An ba ta wani abu ta ci. Mayu da jini suke aiki, kuma sun fara."

Ta ce ta riga ta aika da sunan Rahila wurin annabinsu, ya gani. Za a kai ta can kwana bakwai, azumi da addu'a, a cire mata abin. Na taɓa ganin wata yarinya da aka dawo da ita daga wurin, ta rame, ga sawun igiya a idon sawunta. Na san wannan. Duk da haka, ga abin da ba a faɗa muku ba domin ni kaɗai na san nauyinsa: na yarda. Na ce a kai ta. Na gaji, na ji kunya, kuma ya fi mini sauƙi in ce wani abu ne ya shiga 'yata da in ce 'yata ce ba ta sona. Aka sa ranar Litinin.

Ranar Asabar da rana na aike ta injin niƙa, na shiga ɗakinta in haɗa mata kaya. Ina neman zanin rufa na jawo wani buhu a bayan masara. Cikinsa tsummoki ne, tsohon zanina da na yi wata biyu ina nema, an yayyaga shi ƙanana, an wanke an cusa tun bai bushe ba har ya fara fumfuna. A ƙasa ga farin siket ɗinta na kwaya. An goge bayansa da toka har ya huje, amma tabon bai fita ba. Na zauna a kan buhu da siket a hannu. A haka ta same ni.

"Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

"Tun yaushe, Rahila?"

Ta ajiye robar garin.

"Tun Lahadin yara."

Ta ce suna tsaye a gaba suna waƙa, ta ji yaran da ke bayanta suna ƙyalƙyala dariya suna nuna ta. Ta sulale ta ƙofar gefe, ta tare bayanta da littafin waƙa har gida. Ina cikin cocin ranar. Ina can baya ina jera kwanukan shinkafar yara, ban ma ga fitarta ba. Ta ce an taɓa yi musu bayani a makaranta, amma ba a ce ciki zai yi ciwo haka ba, ba a ce zai yi ta dawowa da yawa haka ba. Kuma tana bayan ƙofa ranar da Anti ta yi maganar mayu da jini. Tun ranar take tunanin ko gaskiya ne, ko ita ce ta kashe wa babanta gona ba ta sani ba.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Yaushe? Kullum faɗa kike. Kuma ai ke ma kin yarda. Ba jakata kike haɗawa ba?"

Ba wanda ya taɓa faɗa mini magana mai zafin wannan. Na zazzage jakar a ƙasa. Na gaya mata abin da ya kamata in gaya mata tun bara, da yarenmu, domin Hausa ta ƙi fita. Na ce ni ma haka, Lidiya ma haka, Anti Kande ma haka ta yi har ta tsufa. Na ce ba inda za ta je. Na miƙe zan nemi babanku in warware masa, sai ta riƙe mini hannu, karo na farko a cikin watanni.

"Kada ki faɗa wa Baba. Kada ki faɗa wa kowa. In Anti ta ji, duk gari ya ji. Gara a kai ni can da a sake yi mini dariya. Ki yi mini alkawari."

Na san wauta ce ta yarinta. Kalma biyu a kunnen babanku za su kashe maganar. Amma na duba na ga yarinyar nan ba ta da sauran wanda ta yarda da shi a duniya, ga shi ta miƙo mini abu ɗaya in riƙe mata. In na sake shi, ko don taimakonta ne, ba za ta ƙara miƙo mini komai ba. Na yi alkawari.

Ranar Lahadi bayan sujada na ce wa babanku na canja ra'ayi. Ya ce an riga an gama magana, ba zai mayar da yayarsa ƙaramar yarinya ba. Litinin da hantsi sai ga mashin biyu. Anti Kande a ɗaya, a ɗayan wani mutum mai doguwar farar riga da kwalbar mai a hannu, annabin ne ya aiko shi. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Na ce wa Rahila ta shiga ta sa sakata. Ina cikin daka dawa a lokacin, sai na mirgino turmin na ajiye a bakin ƙofarta, na tsaya a wurin da taɓaryata.

"Matarmu, fito mana da ita, rana tana yi," in ji Anti Kande.

"Ba za ta je ba, Anti."

"Da bakinki kika yarda."

"Da bakina na janye. Cittar Baba Fasto ta ruɓe, ta mai unguwa ta ruɓe, ta mutanen Nok ta ruɓe. Duk Rahila ce? Yarinyar da ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba?"

Babanku ya matso. Bai ɗaga murya ba, kun san shi. Idonsa ya yi ja saboda kunyar mutanen da suka taru.

"Maman Ishaya, ki ba ni dalili ɗaya. Ɗaya tak, in sallame su."

Dalilin yana kan harshena. Siket ɗin yana bayan ƙofar nan, taku biyu. Ina jin numfashin Rahila ta jikin katako, ta manna kunnenta tana jiran abin da zan ce. Shekara talatin da aure ban taɓa ɓoye wa babanku komai ba.

"Dalilina shi ne ni na haife ta, kuma na ce a'a."

Anti Kande ta tafa hannu ta juya wurin mutane. Ta ce to ga shi kowa ya gani, dama ba a banza yarinya take samun irin wannan abu ba, daga nono ake sha. Mutumin mai farar riga ya buɗe kwalbarsa ya nufo ƙofa yana wata magana da ba a ganewa. A nan ne na ɗaga taɓarya. Ban nufi Anti ba, amma tana kusa da shi, kuma ba zan yi ƙarya in ce da ta matso zan sauke ba. Na ce masa duk wanda ya taka dakalin nan, a mashin za a kwashe shi zuwa asibiti, sai annabinsa ya je can ya yi masa addu'a. Ya tsaya. Ya dubi babanku, babanku ya dubi ƙasa. Ya rufe kwalbarsa ya hau mashin.

Daga ranar babanku ya daina cin abincina. Zan ajiye masa tuwo a inda ya saba, ya wuce shi ya tafi gidan ƙanensa. In magana ta zama dole, sai ya faɗa wa iska, ni kuma in ɗauka. A bakin famfo mata sukan janye bokitinsu daga kusa da nawa. Matan da na yi wa wankan jego, na kwana da su a asibiti, suka zo su uku suka ce in ɗan huta da shugabanci har ƙura ta lafa. Na cire ɗankwalin zumunta na ba su a hannu, na ce su haɗa da shi. Kai Ishaya ka kira ni ka ce tsufa ya fara sa ni taurin kai, in je in durƙusa wa Anti. Na kashe wayar kana cikin magana, kuma har yau ban yi nadama ba. Baba Fasto ya zo ya ce shi ma bai yarda da gidan addu'ar nan ba, na yi daidai, amma don zaman lafiya in ba da haƙuri a gaban dattawa. Na ce masa in na yi daidai, ya faɗi haka a kan bagadi ranar Lahadi. Ya yi murmushi, ya yi addu'a, ya tafi. Bai faɗa ba.

Kada ku ɗauka Rahila ta zama mala'ika don na tsaya mata. Ko na gode ba ta ce ba. Sakata tana nan, fuska tana nan a ɗaure. Akwai ranakun da nake duban gidan da na rasa miji a cikinsa, na rasa ƙawaye, ga wadda na yi dominta tana murguɗa mini baki don na ce ta share tsakar gida, sai in ji kamar in jawo tsumagiya. Ban ƙara jawowa ba.

Ranar kasuwa na ɗauke ta muka tafi Kafanchan, wurin wata Hajiya da na fi shekara ashirin ina sayen atamfa a shagonta. Na fara kame-kame, ban san yadda zan ce audugar mata da rigar mama nake so a gaban yarinyar ba. Hajiya ta dube ta sau ɗaya ta gane.

"Maman Ishaya, je ki sayo tumatirinki. Ki bar ni da ƙawata."

Da na dawo, tun daga nesa na ji dariyar Rahila, dariyar da na yi wata biyar ban ji ba. Na tsaya a bayan wata rumfa, kishi ya kama ni, wai baƙuwa ta samu abin da ni uwa na kasa. Da za mu tafi Hajiya ta ja ni gefe.

"'Ya'yana mata uku duk sun wuce wannan matakin. Ki daina yi mata tambaya. Ki ba ta aiki kusa da ke, ki ja bakinki ki yi shiru. Za ta fara da kanta."

Haka na yi. Muka yi ta tsinar wake, muna ɓarar gyaɗa, muna zaune kafaɗa da kafaɗa ba mai cewa uffan. Shiru ya fi noma wahala a wurina. Sati na uku ta ce, ba ta kalle ni ba, wai wata yarinya a ajinsu ta ce ƙafafunta sun yi tsawo kamar na zalɓe. Na ciji harshena na ce, "Uhm." Sai ta ci gaba. A cikin wannan zaman ne na koya mata tuƙa tuwo, ta ɓata mini gari ya fi kwano goma kafin ya daina gudaji.

Wata huɗu babanku bai sa hannu a kwanona ba. Ana gab da Kirsimeti, wata ranar Laraba da la'asar, ya dawo daga girbin dawa ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida tare da ƙanensa da wasu maza biyu. Rahila ce ta yi tuwon ranar da miyar karkashi. Na ga ta zuba a kwanon babanku ta ɗauki ruwan wanke hannu. Na ce mata ta bari, ba zai ci ba. Ba ta kula ni ba. Na bi ta na tsaya a bakin zaure. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, a gaban mutanen nan duka, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Baba, ni na tuƙa, ba Mama ba. In ka yarda ni mayya ce, kada ka ci."

Ƙanen babanku ya fara cewa wace irin magana ce wannan, babanku ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon yarinyar, kamar ranar ya fara lura ta kusa kai ni tsawo. Ya jawo ruwa ya wanke hannu. Ya gutsura, ya ci, ya sake gutsura. Bai miƙa wa kowa ba, ko ƙanensa, har ya sharce kwanon da yatsa. Sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Ta ce gobe za ta rage.

Bai sake tambayata dalili ba, ni ma ban ba shi ba, har Ubangiji ya ɗauke shi. Wannan ne kaɗai yake ci mini rai, ya tafi yana tsammanin taurin kai ne kawai na yi masa. Amma alkawarin ba da shi na yi ba. Shugabancin zumunta bai dawo ba, ban kuma nema ba, a bencin baya nake zama in yi waƙata. Anti Kande tana nan da ranta a Kafanchan, kowace Kirsimeti takan aiko cewa har yanzu tana jiran in je in ba ta haƙuri. Bana ma ta aiko. Na ce a gaishe ta, a ce mata ta samu kujera mai kyau ta zauna.